Baƙuwar Ƙarfe Goma

Duk wanda ya san Inna Hasana ta Tarauni ya san ba ta da rowar yabo. Takan yabi miyar maƙwabciya, ta yabi lallen amaryar da ba ta ma san gidansu ba, har mai kurar ruwa yakan samu rabonsa in ya zo da wuri. Mutum ɗaya ce tak yabon Inna bai taɓa sauka a kanta ba, ita ce Huraira, 'yarta ta fari. Kada wani ya ce ƙiyayya ce, wallahi ba ita ba ce. Kunyar ɗan fari ce irin ta mutanen da, wadda matan yanzu suka daɗe da ninkewa suka sa a ƙasan akwati, amma Inna ta riƙe tata gam. Ba ta kiran sunan Huraira. In tana kusa "ke" ce, in ta ba da baya "waccan". Ba ta haɗa ido da ita, ba sa zaman hira su biyu, in kuwa baƙi suka soma yabon yarinyar sai Inna ta tuna ta bar tukunya a kan wuta.

Safiyyah, autar gidan, ita ta kwashi garaɓasa. Ko ƙwai ta soya sai unguwa ta ji labari.

Huraira ta girma a haka, ta yi aure a Darmanawa, ta kai shekara talatin da biyu. Ta san al'ada ce, ba sai an zaunar da ita an yi mata bayani ba, amma sanin hakan bai taɓa rage mata zafin abin ba. Shekara biyu ke nan da ta buɗe shagon ɗinkin dogayen riguna a Gyadi-Gyadi, Inna ba ta taɓa tako ƙafarta ba. Abin da ya fi ci mata rai, Inna tsohuwar tela ce, ta yi shekara talatin a kan keke kafin gwiwa ta ce ta gaji. Duk Kano babu idon da Huraira ta yarda da shi a kan ɗinki sai nata. Abin da take nema kuwa bai taka kara ya karya ba: Inna ta ɗauki riga ɗaya da ta ɗinka, ta juya ta baibai, ta ce wani abu a kai. Ko da kushe ne, tana so.

Shagon da ke jikin nata na Ebere ne, 'yar ƙabilar Ibo amma haifaffiyar garin nan, mai jin Hausa kamar jakin Kano. Katin biki take bugawa, tana kuma gina wa 'yan kasuwa shafukan intanet. Ita ta matsa wa Huraira lamba sai da ta yarda aka buɗe mata shafi, aka jera hotunan riguna a ciki. Bayan wata guda sai ga ta ta shigo da kwamfuta a hammata, ta ture atamfofi gefe, ta ɗora ta a kan teburin yanka.

"Yau na sa wa shagonki ido," in ji ta. "Wata manhaja na ɗora a shafin. Duk wanda ya shiga za ta ƙidaya shi, ta gaya mana ta ina ya biyo, wace riga ya tsaya kallo, minti nawa ya yi. Kin ga jajayen ɗigon nan? Inda mutane suka fi dannawa ke nan. Nan kuma tana maimaito miki ziyarar mutum kamar bidiyo, yadda ya ja shafin sama, ya ja ƙasa, ya zuƙo hoto."

"Innalillahi! Har fuskarsa?"

"Haba dai, ba fuska, ba suna. Sawun yatsa kawai. Kuma na rubuta a ƙasan shafin cewa ana lura da ziyara."

"Wa yake karanta ƙasan shafi, Ebere?"

"Ba kowa. Manhajar ma ta tabbatar."

Sati guda suka yi suna shan kallo, har ɗinki ya so ya tsaya. Ashe halin mutum ba ya canzawa don ya shiga waya. Matan Kano sai su je kan farashi su yi ta dannawa, sau biyar, sau shida, kamar in an matsa masa zai ji kunya ya sauko. Wasu su zo har bakin saye, su tsaya, su juya, can sai ka ji saƙonsu ta WhatsApp, "Hajiya, nawa ne na gaskiya?" Akwai wata jar riga da kowa ke kallo ba mai saye, sai da Ebere ta lura duk ɗigon a kan takalmin da ke gefen hoton suka taru. Huraira ta yi dariya har da riƙe ciki, don takalmin nata ne, mantawa ta yi ba ta janye shi ba.

A cikin wannan shan kallo ne Ebere ta tsinci baƙuwar. Kullum ƙarfe goma na safe take shigowa, ba fashi, har Juma'a. Takan yi minti arba'in, wani lokaci ta zarce. Wayarta ƙarama ce, tsohon yayi, yatsanta kuma a hankali yake tafiya, wani lokaci ya ɓata hanya ya koma farko. Ba ta taɓa kallon farashi ba. Abin da take yi ɗaya ne: ta buɗe riga, ta zuƙo wuya, ta zuƙo hammata, ta gangaro kan kalmasa, ta daɗe a nan, sannan ta wuce ta gaba.

Huraira ta kalli bidiyo uku, fuskarta ta canza.

"Wannan tela ce. Mai saye launi take kallo, wannan kuwa hanyar allura take bi. Satar fasaha ake yi mini da rana tsaka! Ebere, toshe ta."

"Tsaya tukuna, sarkin gaggawa." Ebere ta ɗan yi danne-danne. "Kin tuna na yi miki linki kala-kala? Ɗaya na Instagram, ɗaya na kwastomomi, ɗaya kika tura gurup ɗin gidanku. To ɓarauniyarki ta na gidanku take shigowa."

Mutum goma sha ɗaya ne a gurup ɗin. Huraira ta bi su ɗaya bayan ɗaya a ranta. Mazan ba su san bambancin kalmasa da aljihu ba. Safiyyah tsohon ciki gare ta, ƙarfe goma ko juyin farko ba ta yi ba a gado. Sunan Inna kuwa yana cikin jerin, amma Huraira ta tsallake shi ba tare da ta ko tsaya ba. Matar da tun da aka sa ta a gurup ɗin ko "amin" ba ta taɓa turowa ba?

Ranar wata Talata Huraira ta biya Tarauni kafin ta wuce shago, za ta kai wa Inna man shafawa na gwiwa. Ta yi sallama ta ɗaga labule a tare, abin da ba ta saba ba. Inna na zaune a kan dadduma, ta idar da walaha, tabarau a kan karan hanci. Hannunta ya yi wuf ya tura wani abu ƙarƙashin cinya.

"Ke, lafiya da farar safiya?"

"Lafiya lau, Inna. Man gwiwa na kawo."

"Ajiye can."

Huraira ta durƙusa ta gaishe ta, Inna ta amsa tana kallon bango kamar kullum. Sai dai Inna ba ta sa tabarau sai za ta yi karatu ko za ta zura zare, kuma babu littafi babu allura a kusa da ita. Huraira na fitowa tsakar gida wayarta ta yi ƙara. Saƙon Ebere ne: "Baƙuwarki ta tsere yau. Minti goma sha bakwai kacal, ta bar koriyar riga a buɗe. Ko datarta ce ta ƙare?" Huraira ta dubi agogo, goma da minti ashirin. Ta dubi labulen ɗakin Inna. Ta samu turmi a kife ta zauna a kai.

Daga cikin ɗaki Inna ta ɗaga murya, "Waccan ba ta tafi ba ne? In ta tafi a ja mini ƙofa."

A adaidaita sahu Huraira ta yi ta murmushi ita kaɗai, hawaye na zuba, har direban ya leƙo ta madubi ya tambaya ko lafiya. Ta ce masa lafiya ƙalau, ya kalli hanyarsa.

Tana isa ta ce Ebere ta buɗo mata ziyarce-ziyarcen baya gaba ɗaya. Kwana talatin da huɗu Inna ta yi tana zuwa. Babu rigar da ba ta duba ba, wasu sau goma. Koriyar rigar nan kuwa kwana uku a jere tana komawa kanta, tana zuƙo gefen wuya na hagu, tana danna wuri ɗaya, tak tak tak, har sau shida. Huraira ta san wannan dannawar, haka Inna ke ƙwanƙwasa teburi da farce in abu bai yi mata ba. Ta sauko da rigar daga rataye, ta shimfiɗa, ta ɗora tef. Gefen hagu ya ɗara na dama da abin da bai kai faɗin ɗan yatsa ba. Mutum ɗari sun kalli hoton nan, ba wanda ya gani.

Ranar ba ta taɓa aikin kowa ba. Ta farke wuyan, ta sake yankawa, ta sake ɗinkawa, ta goge, ta ɗauki sabon hoto, Ebere ta ɗora. Washegari tun tara da rabi suna gaban kwamfuta, ƙosai na hucewa a leda ba mai ta tasa. Goma da minti biyu baƙuwa ta shigo. Yatsan ya wuce riguna bakwai bai tsaya ba, ya dira a kan koriyar, ya zuƙo wuyan hagu. Ya tsaya. Minti ɗaya, minti biyu. Bai danna komai ba, ya sauka a hankali ya wuce riga ta gaba.

Huraira ta miƙe ta yi juyi a tsakiyar shago, ta rungume mutum-mutumin gwajin riga, ta rangaɗa guɗa har mai wankin hula na tsallaken titi ya ɗago kai.

Daga nan hira ta ɓalle tsakanin uwa da 'ya, hirar da ba a taɓa yi da baki ba. Huraira ta sa aka ƙara girman rubutun shafin, don ta ga yatsan na wahalar zuƙowa. Ta soma ɗora hotunan cikin riguna, baibai, inda duk wani ha'incin tela ke ɓuya. Ebere ta ce babu shagon da ke tallar bayan riga, Huraira ta ce nata ya fara. In Inna ta ƙwanƙwasa wuri, kafin la'asar an gyara. In ta wuce shiru, ranar Huraira har mai zuwa da ƙorafi sai ta saya masa lemo. Ranar Juma'a kuwa in ta je gaisuwa, ba abin da ya canza, "ke" dai, da kallon bango. Amma yanzu ko a jikinta.

"Ni fa abin nan na ba ni mamaki," in ji Ebere wata rana. "A wajenmu 'yar fari ita ce Ada. Uwata in ta fara kirarina a coci sai na nemi wurin ɓuya. Ku kuma uwa na son 'yarta kamar ta haɗiye, amma sai ta laɓe a waya? Ki je ki rungume ta kawai a wuce wurin."

"Rufa mini asiri! Ebere, ko da wasa kada maganar nan ta fita. In Inna ta san an gan ta, shi ke nan."

"Bakina ƙanin ƙafata."

Haka ta ce, kuma har ga Allah haka ta yi niyya.

Safiyyah ta haihu, aka sa suna a gidan mijinta a Babban Giji. Tsakar gida ta cika maƙil da mata, rabinsu sanye da ankon da Huraira ta ɗinka, ana ta juyi ana yaba hannu. Ebere ta zo da nata ankon, har da ɗaurin ture-ka-ga-tsiya. Inna na gefe a kan tabarma cikin tsohuwar atamfar da ta ɗinka da kanta, tana rarraba waina kamar ba ta jin abin da ake faɗa. Sai Goggo Zainab, ƙanwar mahaifin su Huraira, wadda tsokanar Inna ce abincinta tun suna amare, ta buɗe murya yadda kowa zai ji.

"Hasana, ke dai anya! Gari duk ya ɗauka da ɗinkin 'yarki, ke ko hanyar shagon ba ki sani ba. Wannan ai ya wuce kunya, ya zama rashin kula. Na rantse ko riga ɗaya tata ba ki taɓa ɗaga ido kin kalla ba."

Wasa ne, kowa ya san wasa ne, Inna ma murmushi take. Ebere ce kaɗai ta ji an zalunci baiwar Allah a gabanta. Ta ajiye farantin waina, ta dafe ƙirji.

"Haba Goggo, kada ki ɗauki alhakin Mama! Wallahi duk Kano ba wanda ya kai ta kallon kayan Huraira. Kullum ƙarfe goma tana shafinmu, minti arba'in cur, muna ganinta a kwamfuta. Wuyan koriyar riga ma ai ita ta gano ya karkace!"

Tsakar gidan ta fashe da shewa. Goggo Zainab ta faɗi a kan tabarma tana tafa hannu. "Ayyiriri! Asiri ya tonu! Ashe a waya ake renon 'yar fari! Hasana, ashe ta ciki na ciki!" Wata ta rangaɗa guɗa, wata ta ce a ba ta wayar ta gani da idonta. Huraira na bakin ƙofar ɗakin mai jego da jariri a hannu, ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Inna kuwa ta ci gaba da abin da take yi. Ta gama zuba wainar da ke hannunta, ta rufe kwanon, ta gyara mayafi, ta ce ta tuna ta bar wake a jiƙe. Ko abincin suna ba ta ci ba ta tafi.

Washegari ƙarfe goma ta yi, ba kowa. Mutum sittin da uku suka shiga shafin ranar, Huraira ba ta ga ko ɗaya ba, wadda ba ta zo ba take nema. Jibi ma haka, gata ma haka. Ebere ta yi ta ba da haƙuri har muryarta ta dashe, ta kawo mata miyar ogbono a kula, ta ce a bar ta ta je Tarauni ta durƙusa. Huraira ta ce in ta je ta ƙara ɓata lamarin ne. Ita da kanta ta je ran Juma'a, ta durƙusa, ta soma, "Inna, game da maganar ranar suna..." Inna ta katse ta da labarin akuyar maƙwabta da ta cinye mata zogale. Da Huraira ta sake gwadawa, sai labarin akuyar ya koma farko. Wayar ma ba ta ɗakin, Safiyyah ta ce Inna ta jefa ta cikin kwalla ta ce hasken na ɓata mata ido.

A hanyar komawa ne abin ya yi wa Huraira tsaye a rai. Da Ebere take fushi, amma Ebere magana kawai ta yi. Wa ya yi wata biyu yana leƙen tsohuwa a kan daddumarta? Wuri ɗaya tak Inna ta samu a duniya inda za ta kalli 'yarta son ranta ba idon kowa, ita kuma ta zauna a bayansa da kwamfuta da ƙosai tana kallo. Daɗin da ta ji gaskiya ne, amma ba a ba ta shi ba, ɗauka ta yi. Kunya ta kama ta sosai, irin wadda ba ta taɓa ji ba.

"Cire bidiyon nan," ta ce wa Ebere da ta isa. "Ki bar ƙidayar mutane in kina so, amma sawun yatsan kowa kada a sake ajiye mini. Na baya ma ki goge."

"Har na Mama? Huraira, in na goge ba ya dawowa fa. Kuma ko ta dawo gobe ba za ki sani ba."

"Na sani. Goge."

Ta juya baya lokacin da Ebere ke dannawa. Sannan ta aika wa Inna ta bakin Safiyyah cewa an cire abin, duk mai son shiga shafi ya shiga ba mai ganinsa. Amsa ta dawo ta bakin Safiyyah ɗin: "Wane abu? Ni ban san zancen da ake yi ba."

Sati uku suka wuce. Huraira ta ci gaba da ɗinki, tana auna wuya sau biyu, tana ɗora hotuna, ba ta san ko akwai mai ƙwanƙwasawa ba. Walwalarta ta ragu, har kwastomomi suna tambaya ko ba ta da lafiya.

Ranar wata Alhamis da hantsi, Ebere na zaune a shagon Huraira suna zaɓen hotuna, sai adaidaita ta tsaya a bakin titi. Ebere ta leƙa, ta dafe baki.

"Huraira. Mama ce."

Me za ka yi tsammani daga matar aure mai shekara talatin da biyu, mai shago da suna a gari, wadda ta shekara biyu tana jiran wannan rana? To tsalle ɗaya ta yi ta faɗa bayan labulen da kwastomomi ke gwada kaya, ta ja shi ta rufe. Ita kanta ba ta san dalili ba.

Inna ta shigo tana dafa gwiwa, ta yi sallama. Ebere ta zube har ƙasa.

"Mama, don Allah ki yafe..."

"Tashi, 'yar nan. Dubiya na je asibitin Malam, rana ta yi zafi, na ce bari in sha ruwa a nan. Ba wani abu ya kawo ni ba."

Ebere ta kawo ruwa da gudu. Inna ta karɓa ta ajiye a kan teburi, ko kurɓa ba ta yi ba. Ta ciro tabarau daga jaka, ta nufi rataye. Ta sauko da riga ta farko, ta juya ta baibai, ta bi ɗinkin da babban yatsa tun daga hammata har ƙasa. Ta ja da ƙarfi ta ga ko zai buɗe. Ta mayar, ta ɗauko ta biyu. Ta ɗan ɗaga ta huɗu zuwa haske, ta ce, "Hm." Huraira na kallo ta 'yar kafar labule, numfashi ma a hankali take yi.

Shirun ya fi ƙarfin Ebere, ita da ba ta iya zama da shi ba.

"Mama, hannun naki ne sak. Ai ke kika koya mata, ko?"

"Ni? Ban taɓa ba." Inna ba ta ɗago daga rigar ba. "Ina ni ina zaunar da waccan in koya mata abu, mutane su ce me? Laɓewa take yi. Tun tana 'yar shekara tara, in na hau keke sai ta maƙale a bayan labulen ɗakin kakarta tana leƙe, wai ita a dole ban gan ta ba. Daga can kuwa ba a hango cikin ɗakina. Shekara huɗu ina fito da keke tsakar gida ina ɗinki a rana, ga ɗaki da inuwa, har maƙwabta suna cewa aljanu ne suka hana ni zama a ciki. In zan yi wuyan riga sai in farke in sake sau biyu, a hankali, ko da na farkon ya yi daidai."

Ta ninke rigar a hannunta, ta shafa ta sau ɗaya.

"Ni na san da mai leƙena, na gyara mata zama. Ita da ta samu nata sai da duniya ta ji." Ta ajiye rigar a kan teburi. "Amma hannun ya wuce nawa. Wannan kalmasar ban taɓa iya ta ba."

A bayan labule Huraira ta cusa gefen mayafi a baki don kada kukan ya fito. Bai hana ba, sai da labulen ya motsa.

"Ga ta can ma yanzu," in ji Inna, ta nuna da haɓa ba tare da ta juya ba. "Ƙafafu duk a waje, har yau ba ta iya ɓuya ba. Ki ce mata ta fito da tef. Ina da biki watan gobe, kuma gwiwar nan ba za ta taka keke ba."

Huraira ta fito, ido jajir, tef a hannunta. Inna ta cire mayafi ta miƙa wa Ebere, ta tsaya a tsakiyar shago, ta buɗe hannuwa, ta kafa wa silin ido. Huraira ta zagaya tef ɗin a kafaɗarta, ta karanta lamba, hawaye ya hana ta gani, ta goge ta sake karantawa.

"Ke," in ji Inna, har yanzu tana kallon silin, muryarta ƙasa-ƙasa. "Ki yi a hankali. Ba sauri nake ba."